Ribas ɗin Mijin Yayata

Mijin yayata, Muzaffer, mutum ne da ko atishawa ya yi sai ya ce a Jamus ya koyo. Shekara talatin da ɗaya ya yi can yana tuƙa tirela. Ya dawo garinmu da ciwon baya da tumbi da kuɗin sallama, kuma maimakon ya sayi gonar zaitun kamar kowane mai hankali, sai ya sayi jirgin ruwa na shaƙatawa. Fari fat, inji biyu, ɗakin kwana biyu, har da wurin kishingiɗa a sama. Ya raɗa masa sunan matarsa, Saadet, don ta daina faɗa. Ba ta daina ba.

Ni ce Nermin, ƙanwar Saadet ɗin, mai shagon shayi a bakin tashar jirage. Gurbin ɗaure jirgi mai lamba ɗaya yana daidai ƙofar shagona, kuma ta nan duk mai yawon yamma yake wucewa, daga magajin gari har mai tallar kankana. A nan jirgin Muzaffer yake. Kullum da la'asar zai fito da farar hular kaptan, ya zauna a bayan jirgin, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya miƙo hannu in sa masa shayi, sannan ya shiga ba masu wucewa labarin guguwar da ta taɓa ritsa shi tsakanin tsibirin Rodos da na Girit.

“Igiyar ruwa ta kai tsawon hasumiyar masallaci,” in ji shi. “Na dube ta na ce, ke, ba ki san wanda kika tara ba.”

Ni kuwa da nake wanke kofuna taku biyar daga wurin, na san shekara shida jirgin nan bai gusa ko kamu ɗaya ba. Wanda ya sayar masa ne ya shigo da shi ya ɗaure, ya miƙa makulli ya kama gabansa. Tun daga ranar aikin Muzaffer ɗaya ne, ya goge ya zauna. Ban taɓa tona shi ba, don yana shan shayi goma a rana, kuma masu tsayawa jin ƙaryarsa su ma suna sha.

Ana nan sai aka kawo mana sabon shugaban tasha, Hikmet Bey, kamar dai a ce Malam Hikmet, wani siririn mutum mai duba agogo kafin ya amsa sallama. Kwana uku da zuwansa ya liƙa takarda a jikin bishiyar da ke gaban shagona. Wai tasha ba ɗakin ajiya ba ce. Duk jirgin da ya shekara bai motsa ba, to ya fita da injinsa, ya zaga fitilar bakin teku, ya dawo gurbinsa kafin ƙarfe shida na yammacin ranar ƙarshen wata. Wanda ya kasa, za a ja jirginsa zuwa bayan rumfar masu kifi, inda ba mai zuwa sai kuliyoyi, a ba na gaba a layi gurbin.

Na gaba a layi kuwa Tahsin Bey ne, likitan haƙori. Shekara biyar yana jiran gurbi, ɗan shuɗin jirginsa yana ɗaure a jikin tulun roba can tsakiyar ruwa, sai ya hau kwale-kwale yake kai wa gare shi. Shi da Muzaffer ba sa ga maciji, tun ranar da Muzaffer ya faɗa a bainar jama'a cewa a Jamus irin cirar haƙorin da Tahsin ke yi sai dai a yi wa doki.

Tahsin ya karanta takardar sau biyu, ya zo ya tsaya a gaban gurbin yana auna faɗinsa da ido.

“Kaptan,” in ji shi, “rana tana dukan wajen nan da safe, ko sai na sa rumfa?”

“Ka sa wa tulunka rumfa,” in ji Muzaffer. “Ni da wannan gurbi, mutu ka raba.”

“Allah ya ja kwana. Amma dai na ji an ce bayan rumfar kifi iska ce mai kyau, in mutum ya saba da ƙarni.”

Fita ba ita ce matsala ba, dawowa ce. A tekunmu jirgi ba ya kwanciya da gefe, da baya yake shigowa. Ka jefa anga, ƙugiyar ƙarfen nan da ke riƙe jirgi, can tsakiyar ruwa, ka yi ribas kana sakin sarƙa, ka cusa bayan jirginka tsakanin maƙwabta biyu, a cafe igiyarka a ɗaure. Masu shekara ashirin a ruwa ma sukan yi gumi, balle in iskar nan ta bazara ta taso, wadda ba ta saɓa alkawari, kullum bayan azahar tana nan.

Rifat, wanda muke kira Reis, wato shugaban jirgi, tsohon masuncin da ya fi kowa sanin tashar, shi ya ji tausayi. Ya sami Muzaffer a shagona ya yi ƙasa da murya, yana kiransa Abi, wato yaya.

“Muzaffer Abi, gobe bayan asuba, kafin iska ta farka, in zo mu fita tare. Ni in riƙe sitiyari a ɓoye, kai ka tsaya da hularka. Minti ashirin mun gama, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.”

Muzaffer ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

“Reis, ni za a riƙe wa sitiyari? Ni da na shigar da tirela mai taya goma sha takwas cikin lungu a birnin Kolon, da baya, cikin dusar ƙanƙara, da madubi ɗaya? Jamusawa suka fito suna ɗaukar hoto. Ribas ai sunana ne na tsakiya. Wannan fa jirgi ne, ko taya ba shi da ita.”

“To shi ne abin,” in ji Rifat. “Ba shi da birki ma.”

“Direban kirki ba ya buƙatar birki.”

Na ce, “Enishte,” don haka muke kiran mijin 'yar'uwa, “ka ji maganar manya. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.”

“Ke ki ji da butarki,” in ji shi. “Kuma ki guge riga, ke za ki riƙe min anga.”

Ba asuba ya zaɓa ba. Ranar ƙarshen watan ya zaɓa, wadda ta faɗo Asabar, ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da bakin tasha ke cika maƙil kuma iska ke kan ganiyarta. Wai abin kirki ba a yin sa a ɓoye. Ya ɗauko hayar makaɗi da mai algaita. Sannan ya je wurin masu gwangwan ya sayo madubin tirela guda biyu, kowanne ya kai faranti, ya sa maƙeri ya ɗaura su a kan dogayen ƙarafa, ɗaya dama ɗaya hagu. Jirgin ya koma kamar jaki ya miƙe kunnuwa. Baturen Holan da ke gurbi na biyu ya leƙo ya gani, ya koma ciki ya kwaso duk balan-balan roba da yake da su ya jera a gefen jirginsa don tsoron karo.

Ban so zuwa ba, wallahi. Saadet ce ta ce in ban je ba ita ma ba za ta je ba, in kuma ba ta je ba zai yi shekara yana mita. Na bar wa Rifat shago, na hau. Ita kuma ta taho da ƙaton tire na naɗin ganyen inabi, ta ajiye a ƙasa kusa da kujerar direba don kada ya zame.

Ƙarfe huɗu daidai Hikmet Bey ya iso da agogonsa da littafinsa. Muzaffer ya tsaya a sama, ya sara wa jama'a, ya murɗa makulli. Injin farko ya yi tari. Na biyu ya yi gyatsa. Sai baƙin hayaƙi na shekara shida ya fito ta baya ya lulluɓe teburana, mai algaita ya zuƙi rabonsa, aka ɗan dakata da kiɗa har ya farfaɗo.

“Haka injin Jamus yake gaisuwa,” in ji Muzaffer. “A kwance igiya.”

Aka kwance igiya. Abin da ba a kwance ba shi ne wayar lantarki da tiyon ruwa, waɗanda suka shekara shida a jone har kowa ya ɗauka da su aka ƙera jirgin. Muka yi gaba, suka miƙe, suka yi tsayin daka, sai turken lantarkin da ke bakin tasha ya ce a tafi da shi. Ya biyo mu cikin ruwa. Wuta ta ɗauke a layin gaba ɗaya, famfon da ya karye ya shiga yi wa makaɗi wanka.

“Me ya faɗi?” in ji Muzaffer.

“Ba komai,” in ji Saadet. “Ka dai sayi turke.”

Ni ina can gaba ina danna maɓallin da ke naɗo sarƙar anga. Da ƙyar take tahowa, don kifin kwasfa ya yi gari a jikinta, unguwa-unguwa, da laka da ciyawa, duk a kan farin katakon da yake gogewa safe da yamma. Farfelar ma haka take a ƙasa, shi ya sa jirgin ke tafiya yana karkarwa, yana karkata gefe ɗaya. Wani yaro mai keke ya bi mu ta kan bangon tasha, ya riga mu kai ƙarshe, ya dawo, ya sake riga mu.

Muna wuce bangon sai teku ta gane baƙo. Igiyar farko ta ɗaga mu ta ajiye. Ta biyu ta maimaita. Ba su kai hasumiyar masallaci ba, ko tagar shagona ba su kai ba, amma na waiga na ga fuskar gwarzon Rodos da Girit ta koma launin ganyen da ke cikin tiren.

“Me kika sa a abincin nan?” in ji shi.

“Ai ba ka ci ba tukuna,” in ji Saadet.

“To warinsa ne.”

Ya miƙa mata sitiyari, ya rungumi ƙarfen gefe, ya yi wa kifaye sadakar abincin rana. Hularsa ce kaɗai ya dafe da hannu ɗaya. Saadet, wadda ko keke ba ta taɓa tuƙawa ba, ita ta zaga da mu fitilar, lafiya lau, tana tuƙi tana ba shi labarin gonar zaitun ɗin da ya ƙi saya. Sai da muka dawo cikin tasha, ruwa ya kwanta, sannan ya goge baki ya karɓe kujerarsa.

“Na bar ki ne ki ɗan ɗana,” in ji shi. “Yanzu a ba masu abu wuri.”

Ƙarfe biyar da kwata ke nan. Bakin tasha ba masaka tsinke, don duk wanda wuta ta ɗauke masa ya rufe shago ya zo ganin wanda ya jawo. Tahsin Bey kuwa ya kwance jirginsa daga tulun roba, ya matso tsakiyar tasha shi da matarsa Belkis Hanim, wato uwargida Belkis, sun kashe inji suna cin 'ya'yan kabewa suna jira.

Muzaffer ya juya jirgi ya ba gurbin baya, ya gyara madubai.

“Nermin, saki anga.”

Na saki. Ya sa ribas.

To ga inda gizo ke saƙar. Mai tirela in zai yi baya, yana son wutsiyar ta yi dama, hagu yake murɗa sitiyari. Shekara talatin da ɗaya hannun Muzaffer yana wannan karatu har ya fi mai shi haddacewa. Jirgi kuwa ba shi da wutsiya, inda ka murɗa nan bayansa yake bi. Iska ta tura mu hagu, Muzaffer ya so dama, hannunsa ya murɗa hagu, muka tafi hagu da gudu biyu. Baturen Holan ya ga mun nufo shi, ya rungumi balan-balan ɗaya ya rufe ido.

Muzaffer ya nemi birki. Ya ɗaga ƙafar dama ya taka da dukkan ƙarfinsa, ya sami tiren Saadet. Naɗin ganye na kwana biyu ya tashi sama, man zaitun ya malale, ƙafar ta zame ta tafi da shi. Da zai faɗi ya kama sandar giya ya tura gaba, shi ne ya ceci Baturen. Madubin hagu dai ya rungumi sandar tutar Holan, suka tafi ruwa tare.

“Gwaji ne,” in ji Muzaffer yana tashi, shinkafa a gira. “Kowane ƙwararre yana auna wuri tukuna.”

Karo na biyu gari ya shigo cikin maganar. Mahauci ya ce dama. Mai gidan burodi ya ce hagu. Wata tsohuwa daga bene ta ce a karanta Ayatul Kursiyyu. Rifat ya haɗa hannu a baki yana ihu:

“Inda kake son zuwa, can za ka murɗa!”

“Damar wa?” in ji Muzaffer. “Tawa, ko taku, ko ta madubi?”

“Ta jirgin!”

“Jirgin ai baya yake kallo!”

Muka sake tafiya a karkace, wannan karon wajen jirgin masu nutso da ke can gefe. Ya ga sarƙa tana riƙe shi, sai ya yanke hukuncin ita ce mai laifi.

“Nermin, kin shaƙe ni. Saki.”

“Enishte, ta kusa ƙarewa.”

“Sarƙar Jamus ba ta ƙarewa. Saki na ce.”

Na saki. Ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, sai ga wutsiyarta ta fito daga rami, ta wuce ta gabana, ta yi tsalle cikin ruwa. Ashe ba a taɓa ɗaure ƙarshenta da komai ba. Na tsaya ina kallon kumfa.

“Yaya anga?” in ji shi.

“Ta ce a gaishe ka.”

Madubin dama ma bai daɗe da zama maraya ba, ya maƙale a rumfar masu nutso ya zauna can. Hikmet Bey ya ɗaga agogo sama, ya nuna yatsu goma. Saura minti goma.

A nan na ji tausayinsa, gaskiya. Na hango shi a sama, gumi ya jiƙa masa riga, yana waige-waige ba madubi, ba anga, gari guda yana kallo. Na san abin da gurbin nan yake a wurinsa. Shekara talatin da ɗaya yana kwana a cikin mota a ƙasar mutane, ba wanda ya san sunansa, sai nan ne ya sami inda za a wuce a ce masa Kaptan. Na ce a raina, Allah ka rufa wa wawan nan asiri.

Ya ja gaba har tsakiyar tasha don ya ɗauko hanya daga nesa. Ya sa ribas, ya ba da wuta. Hannu ya sake yin halinsa. Muka kauce wa gurbin baki ɗaya, muka nufi shuɗin jirgin likita, wanda iska ta juya hancinsa yana kallonmu. Tahsin ya zubar da 'ya'yan kabewa, ya shiga laluben makulli.

“Kai mahaukaci, tsaya!”

“Matsa daga hanya!”

Ba wanda ya tsaya, ba wanda ya matsa. Bayan jirginmu ya sami hancin nasu, angar da ke rataye a hancin ta shige cikin ƙarfen tsanin wanka da ke bayanmu, ta ce ƙaras, ta kulle.

Muzaffer ya daskare. Ya karkata kunne. Wannan ƙara ya san ta, ita ce ƙarar da kan mota ke yi in ya kama tirela. Wallahi da idona na ga fuskarsa ta sauya. Kafaɗunsa suka sauka, numfashinsa ya daidaita. Ya juya hula gaba ya koma baya, ya tofa yawu a tafin hannu, ya leƙa da kai ta gefe, hannu ɗaya a kan sitiyari. Bai ƙara cewa uffan ba, abin da ban taɓa gani ba tun ranar ɗaurin aurensu.

Ya sa ribas a hankali.

Yanzu akwai wutsiya. Ya murɗa hagu, jirgin Tahsin ya yi dama. Ya ɗan saki, ya miƙe. Iska ta turo, ya tare ta da yatsa biyu. Muka taho a jere, mu ne kan mota, likita ne tirela, sumul kamar an ja zare. Ihun bakin tasha ya mutu. Mahauci ya cire hula. Rifat ya sauke hannuwansa ya buɗe baki.

Tahsin yana ta zage-zage yana cewa sai ya kai ƙara kotu. Belkis Hanim ce ta fara waigawa ta ga inda aka nufa da su. Ta mintsine shi a cinya.

“Yi shiru, Bey. Ɗauko igiya.”

Bayan shuɗin jirgin ya shiga gurbi mai lamba ɗaya ba tare da ya taɓa ko balan-balan ɗin Baturen Holan ba. Taki ɗaya ta dama, taki ɗaya ta hagu. Ya tsaya cak kamu guda daga bakin siminti. Belkis ta jefa igiya, hannu goma suka cafe, aka ɗaure. Tafi ya ɓarke daga wannan ƙarshen tasha zuwa wancan, makaɗi ya saki ganga da jiƙaƙƙiyar fatarta, mai algaita ya kumbura kumatu.

Muzaffer ya kashe inji, ya miƙe, ya ɗaga hannu biyu sama.

“Kun gani? Ba madubi ko ɗaya. Ina mai cewa sai da asuba? Reis, ina kake? A Kolon ma sai da na gyara sau ɗaya, nan kuwa tashi guda.”

“Muzaffer,” in ji Saadet.

“Bari in gama. Wannan shi ake kira ribas. A kira yara su zo su koya.”

“Muzaffer, dubi bayanka.”

Ya duba. Ya nemi shagona inda ya saba ganinsa, taku biyar. Shagon na nan, amma tsakaninsa da shi akwai jirgi guda da likitan haƙori a tsaye a kai, yana gyara kujera. Hannuwan suka sauko a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

“Tahsin, fita daga gurbina.”

“Ni ban shigo ba, Kaptan. Shigo da ni aka yi. Wanda ya shigo da ni ya fitar da ni.”

“Yanzu kuwa.”

“Bismillah. Sai dai ƙullin igiyar nan na matata ne, ni kaina rabin awa nake yi kafin in kwance shi.”

Muzaffer ya juya wajen Hikmet Bey.

“Shugaba, kai shaida ne. Na fita da injina, na zaga fitila, na dawo.”

“Ka fita,” in ji Hikmet yana duba littafi. “Ka zaga, ko dai an zaga da kai. Dawowa gurbi ce ban gani ba.”

“Ai ina jone da shi. A dokar hanya, kan mota da tirela abu ɗaya ne.”

“Nan ba hanya ba ce.”

Ya ɗaga agogo yana kallo, gari yana kallonsa. Muzaffer ya murɗa makulli, injin farko ya yi tari ya yi shiru, na biyu ko tarin bai yi ba, sun gama aikin shekara. Hikmet ya sauke hannu, ya zaro biro, ya ja layi ɗaya, ya rubuta wani abu a ƙarƙashinsa.

“Ƙarfe shida,” in ji shi. “Reis, kawo kwale-kwalenka ka ja farin nan zuwa bayan rumfa. Akwai maganar turken lantarki kuma, amma sai Litinin.”

Ba hanyar sauka sai ta kan jirgin likita. Ni da Saadet muka tsallaka da tiren da ba komai a ciki. Muzaffer ne na ƙarshe, ya zo bakin tsanin ya yi gyaran murya, ya nemi izini da muryar da ban san yana da ita ba. Tahsin ya ba shi hannu da ladabi, ya raka shi tun daga hanci har baya, yana nuna masa inda zai taka. Ya sauka a gaban shagona, jama'a suka dare, wasu har da dafa masa kafaɗa, don tsakani da Allah ba wanda ya taɓa ganin ribas irin wannan a tashar. Ya zauna a kujerar baƙi, na sa masa shayi, bai taɓa ba.

Baturen Holan ne ya leƙo daga gurbi na biyu. Tun karo na biyu ya gudu ciki ya kulle ƙofa, bai ga ƙarshen wasan ba. Ya dubi sabon maƙwabcinsa, ya dubi taki ɗaya da ke tsakanin jiragen, ya girgiza kai, ya tambaya da guntun yarenmu yadda aka yi mutum ya shigo da jirgi haka cikin wannan iska.

Tahsin Bey ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya miƙo hannu in sa masa shayi, ya nuna teburina da haɓa.

“Ina da direba,” in ji shi. “Daga Jamus.”